An cuci Baba a cinikin motar nan, ko ni ne ban san kasuwa ba?

Abban_Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, musamman daga dillalai da bakanikan da ke cikinmu. Mahaifinmu tsohon malamin makaranta ne, shekarunsa 74, a Kano yake zaune. Yana da Corolla ƙirar 2006, otomatik, ya saye ta 'yar Kwatano a 2014 da kuɗin sallamarsa daga aiki, naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyar. Tun da idonsa ya fara ba shi matsala ya daina tuƙi, motar ta haura shekara tana ajiye a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, sai dai yara su tayar da ita jefi-jefi. Makon jiya ƙanwata ta kira ni a Abuja ta ce Baba ya sayar da ita ga bakaniken da ya saba duba masa ita, miliyan biyu da dubu ɗari takwas, har an tura masa kuɗin. Bai shawarci ko ɗayanmu ba. Da na kira shi murna ma yake yi, wai ya hau mota shekara goma kuma ya ci ribar sama da miliyan ɗaya. Ni kuwa na leƙa Jiji, shafin saye da sayarwa na intanet, na ga irinta ana sa mata miliyan biyar da rabi, shida, har bakwai. An cuce shi ko ba a cuce shi ba? In an cuce shi, akwai abin yi?

Dan_Kurna88:
Wa alaikumus salam. An cuce shi mana, wannan ai ba ta buƙatar tambaya. Corolla 2006 a biyu da takwas a wannan marrar? Golf 3 mai lafiya ma sai ka yi da gaske ka same ta a haka.

Maman_Husna:
Innalillahi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bakanikensa ne. Mutumin da aka ba shi amanar mota shekara da shekaru. Allah ya saka wa Baba.

Dillalin_Hotoro:
Ku dakata tukuna, kada a yanke wa bawan Allah hukunci ba a ga mota ba. Ni wannan sana'ar nake ci da ita. Kuɗin da mai kaya ya rubuta a intanet daban, kuɗin da ake sallamawa a kai daban, tsakaninsu sai ka iske miliyan guda. Sannan da yawa cikin waɗanda ka gani a bakwai ɗin nan sababbin shigowa ne, ba a taɓa sa musu lamba ba. Motar da ta yi shekara goma tana bin titunan Kano ba a sa ta layi ɗaya da su. Malam Abban Sadiq, amsa mini waɗannan: fentin farko ne a jikinta? An taɓa buɗe injin? Giya tana shiga lafiya ko tana fizga? Na'urar sanyi tana aiki? Takardar kwastan ta asali tana nan? Kujerun fa, yadi ne ko fata, sun yage?

Abban_Sadiq:
Na gode Alhaji. Fenti an sake gefen direba, adaidaita sahu ta taɓa gogarta tun daga ƙofar gaba har baya. Sanyi ya daɗe da mutuwa, Baba bai damu da shi ba. Inji ba a taɓa buɗewa ba, amma da safe tana ɗan hayaƙi kuma tana shan baƙin mai. Giya lafiya lau iya sanina. Takardu duk suna nan, Baba a jakar fata yake adana su tare da takardun fansho. Kujeru yadi ne, na baya kamar ba a taɓa zama ba. Mita kuma ta tsaya a 299,999, ta daina ƙirgawa.

Injiniya_KofarRuwa:
Maganar mita ba lalacewa ba ce, haka Corolla ta 2003 zuwa 2008 take, in ta kai 299,999 sai ta tsaya cak. Amma ka lura, in 'yar Amurka ce da mil take ƙirga, mil dubu ɗari uku kuwa ya ɗan haura kilomita dubu ɗari huɗu da tamanin. Ba ƙaramar tafiya ba ce, kuma ba wanda ya san nawa ta ƙara bayan nan. Injin nata lita 1.8 ne, jarumi ne, sarƙa gare shi ba bel ba, shi ya sa yake daɗewa. Sai dai in ya fara hayaƙi da shan mai to ringin ya gaji, ko a buɗe a yi masa aiki ko a sa wani.

Wani abin da masu mota ba sa ganewa: ajiye mota ya fi hawanta kashe ta. Shekara guda a rana da ƙura, batir ya mutu, tayoyi sun tsattsage ko da suna da zane, robobin ƙasa sun bushe, fetur ɗin tanki ya lalace ya toshe famfo, ɓeraye sun shiga sun ci waya. Na taɓa buɗe bonet ɗin irin wannan motar na tarar ɓera ya tara ɓawon gyaɗa cike da gidan iska. To duk wannan sai wanda ya saya ya biya. Ban ce biyu da takwas ya yi ba. Na ce dai ba motar bakwai ba ce.

Dillalin_Hotoro:
Yauwa. Da wannan bayanin, in ni aka kawo wa ita a yadda take, zan taya uku da rabi, in mai ita ya ce albarka mu ja har uku da takwas, ƙila huɗu in na ga ƙasanta ba tsatsa. Wannan kuɗin dillali ne da zai gyara ya sayar. In da an yi haƙuri an samu mai hawa da kansa, za ta iya haura haka kaɗan. Ka ga ke nan akwai giɓi, amma ba irin wanda Dan Kurna ke nufi ba.

Dan_Kurna88:
Alhaji ai ka gama magana da bakinka. Daga biyu da takwas zuwa huɗu miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ne. A wajen ɗan fansho wannan kuɗin shekara nawa ne?

Malam_Lissafi:
Ni inda na fi tsayawa shi ne maganar da Baba ya yi cewa ya ci riba, don a nan aka same shi. A 2014 dala tana tsakanin naira 160 da 170. Miliyan ɗaya da rabi a lokacin kusan dala dubu tara ke nan. In ka ɗauki biyu da takwas ka raba da 1,500, kuɗin dala a 2024, ba ta kai dala dubu biyu ba. Baba da nairar 2014 yake awo, shi kuwa bakanike da nairar yau yake awo, kuma ya san Baba bai sani ba. Abubuwa uku suka ɗaga kuɗin tsohuwar mota a ƙasar nan. An hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa tun Janairun 2017, hanyar Kwatano ta toshe a hukumance. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi matsayinta, dalar da take wajen 460 a banki ta tashi har ta haura 1,500 a 2024, kuɗin fito a tashar ruwa ya bi ta. Sai cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta wuce 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta taɓa dubu. Tun daga nan kowa ya guji manyan injina ya dawo neman mai shan mai kaɗan, Corolla ta zama amarya. Dattijon da ya daina tuƙi ya koma daga gida sai masallaci, ina zai san wannan?

Ummu_Aiman:
Wallahi gaskiya ne. Mahaifiyata har yanzu in na ce mata kuɗin mudun shinkafa sai ta ce an cuce ni. Su a kansu miliyan har yanzu miliyan ce.

Almajirin_Zaure:
Bari in ɗan sa baki ta fuskar fiƙihu, malamai su gyara mini. Abin da ake magana a kai shi ne gabnu, wato a saya ko a sayar da kuɗin da ya yi nesa da na kasuwa. A mazhabarmu ta Malikiyya abin da ya shahara, kamar yadda yake a Mukhtasar na Khalil, ba a warware ciniki don gabnu kawai, ko da ya wuce yadda aka saba, matuƙar mutum baligi ne mai hankali ya sayar da kayansa da yardarsa. Inda aka keɓe shi ne wanda ya miƙa wuya, ya ce wa abokin cinikinsa ni ban san kasuwa ba, ka saya yadda mutane ke saya, shi kuma ya yi masa ƙarya. Wannan yana da haƙƙin mayarwa. Akwai kuma ra'ayin da Ibnu Asim ya kawo a Tuhfa, wanda alƙalai da yawa suka yi aiki da shi: ana sauraron mai kukan gabnu in shekara ba ta wuce ba, in ya jahilci kuɗin kayan, kuma giɓin ya kai sulusi ko fiye. Saboda haka tambayar da ya kamata Abban Sadiq ya binciko ita ce, wa ya fara yanka kuɗin, kuma da wane lafazi.

Abu_Hanan:
Allah gafarta Malam, ina hadisin mutumin da ya kai kuka wajen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ana yaudararsa a ciniki, aka ce masa in zai yi ciniki ya ce ba yaudara? Yana cikin Bukhari da Muslim. Da kuma hadisin wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Ni ban ga yadda bakanike zai tsira ba.

Almajirin_Zaure:
Hadisan duka ingantattu ne ɗan'uwa. Amma ka duba na farkon da kyau, an koya masa ya gindaya sharaɗi ne a lokacin cinikin, ba a ce duk cinikin da ya yi a baya an rushe ba. Kuma zunubi a wajen Allah daban, abin da alƙali zai iya warwarewa daban. Mutum yana iya cin haram a cinikin da kotu ba za ta taɓa shi ba. In aka bi lissafin Alhaji Dillali, huɗu ne kuɗinta aka saya biyu da takwas, giɓin kashi 30 cikin 100 ne, ya ɗan gaza sulusi. In kuɗinta huɗu da rabi ne ya haura. Ka ga abin a kan gaɓa yake.

Gwaggon_Yara:
Ni tsohuwa ce, jikata ce ta sa ni a gidan nan, kuma zan faɗi abin da ba za ku so ba. Kai yaro, Abban Sadiq, mota ta shekara a ƙofar gida rana na dukanta, ku 'ya'yansa ba wanda ya ce Baba me za a yi da ita. Sai da ya sayar kowa ya zama masanin kasuwa. Ka tambaye shi me ya sa ya sayar yanzu? Dattijo ba ya rabuwa da abin da ya saya da kuɗin sallamarsa haka kawai. Akwai abin da ya taso masa wanda ya ji nauyin ya roƙe ku. Ka je ka ce masa an cuce ka, abin da zai ji shi ne ka tsufa, hankalinka ya ragu. Wannan ciwon ya fi na miliyan ɗaya.

Maman_Husna:
Gwaggo kin yi gaskiya ta wani ɓangaren, amma in aka yi shiru gobe gidan za a zo taya.

Abban_Sadiq:
Gwaggo na ji, kuma ban ji haushi ba. Duk wata muna aika masa, ba mu bar shi ba. Na sha ce masa a kawo motar in sa a gyara a sayar, sai ya ce a bari tukuna. Dalilin sayarwar kuwa na ji daga baya, rufin ɗakunan baya ne ke yoyo yana so a sauya kwano kafin damina, sannan akwai aikin ido na biyu da likita ya ce a yi.

Tsohon_Direba:
Wannan hira ta tuna mini da Fijo. Mu da muka yi lodin Kano zuwa Jos da 504 doguwa mun san mota. Tun 1975 ake haɗa Fijo a Kaduna, gwamnati ita take hawa, malamin makaranta ma da bashin mota yake fitar da sabuwa dal a leda. Wan mahaifina ya ajiye 505 ɗinsa ya ƙi sayarwa, kullum sai ya ce ba a taya da daraja ba. Bayan rasuwarsa 'yan gwangwan ne suka zo da guduma suka sare ta, a kilo aka auna. Da ya karɓi tayin farko da ya mori kuɗinsa. Don haka ni ban cika ganin laifin wanda ya sayar da wuri ba.

Dan_Kurna88:
Baba Direba, 505 daban Corolla daban. Ita 505 kayan gyaranta ne suka yi wuya mutane suka gudu. Corolla kuwa ko a ƙauye ka tsaya za ka samu mai gyara da kayan gyara.

Na_Maradi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu nan abin da ya bambanta, sefa tana ɗaure da yuro, 655 da 'yan kai, ba ta motsi. Tsoho in ya sayi mota miliyan ukku shekara goma da sunka wuce, ya san yau ƙasa za ta yi, ba sama ba, lissafinshi ba ya ɓacewa. Ku kuwa kuɗin ne ke zubewa, sai mutum ya ga lamba ta ƙaru ya ɗauka riba ce. Amma mu ma tun da aka rufe iyaka da Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023, motocin da ke biyowa ta Gaya sun yanke, sai an zagayo ta Lome da Burkina, kuɗin mota ya hau. Da can 'yan Najeriya ke zuwa Maraɗi sayen mota, yanzu da naira ta faɗi mutanenmu ne ke shiga Katsina da Kano suna ɗaukowa.

Dillalin_Hotoro:
Wannan haka yake, mun ga masu sefa a kasuwa sosai.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambayar bawan Allah. Hirar Fijo da sefa a buɗe mata nata wurin.

Lauya_Bk:
Ni ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Abban Sadiq, an rubuta takardar ciniki? An yi canjin mallaka? Lambar da ke jikin motar a rajista sunan Baba take ɗauke da shi. In aka sayar wa wani, wani ya sayar wa wani, aka buge mutum aka gudu ko aka yi fashi da ita, ƙofar gidan Baba za a fara ƙwanƙwasawa. Ku tabbata akwai yarjejeniya a rubuce mai kwanan wata, da lambar inji da ta shasi, da sa hannun shaidu, ku riƙe kwafi, ku kuma matsa a sauya sunan. Batun warware ciniki kuwa, a kotu arha kaɗai ba hujja ba ce. Sai an nuna an faɗa masa ƙarya a kan motar ya dogara da ita, ko an yi amfani da amanar da ke tsakaninsu an rinjaye shi. Kuma Baba ne mai ƙara, ba kai ba. In ya ce ya yarda, magana ta ƙare.

Abban_Sadiq:
Barista, a takardar littafin makaranta suka rubuta, limamin unguwa da maƙwabcinmu suka sa hannu. Canjin suna ba a yi ba. Gobe Juma'a zan shigo Kano in sha Allah.

Injiniya_KofarRuwa:
In ka samu ganin motar ka sa a leƙa ƙarƙashinta a duba indomi, wannan tukunyar da ke jikin salansa. In ta asali ce tana nan, ita kaɗai kuɗi ce mai kauri, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta ake sayenta. Motar dattijo da mutum ɗaya ya riƙe takan zo da ita. Wanda ya shekara goma yana shiga ƙarƙashin motar ya san tana nan ko ba ta nan, kuma na tabbata bai sa ta a lissafin da ya yi wa Baba ba.

Abban_Sadiq:
Jama'a na iso, ga abin da na tarar. Motar ba ta garejin bakaniken. Wani abokina ya gano ta a wajen masu sayar da motoci, an yi mata fenti gaba ɗaya, an sa tayoyi, sanyi yana aiki, an wanke inji yana ƙyalli. Abokin nawa ya yi kamar mai saye, aka ce masa biyar da ɗari shida. Ya taya biyar, aka ce ya ƙara wani abu. Ko mako biyu ba a yi ba.

Dan_Kurna88:
To Alhaji Dillali sai ka zo ka kare ɗan'uwanka. Ninki biyu cif.

Dillalin_Hotoro:
Ba ɗan'uwana ba ne, ban san shi ba, amma lissafi ba ya son zuciya. Fenti na gaba ɗaya mai kyau, tayoyi huɗu ko da 'yan Beljiyam ne, batir, kwamfiresa da gas na sanyi, robobin ƙasa, aikin ringi in ya yi, wankin ciki. A ƙiyasina zai kashe tsakanin dubu ɗari takwas da miliyan ɗaya. Mai filin da aka ajiye ta yana da la'adarsa, yaran da suka kawo mai saye suna da tasu. In ta tafi a biyar da ɗari biyu, cire biyu da takwas, cire miliyan ɗaya, cire la'ada, zai tashi da miliyan ɗaya da 'yan kai. Riba ce mai yawa, ban musa ba. Mu a irin wannan motar in mun samu dubu ɗari huɗu ko biyar mun gode Allah. Abin da ya hau kan haka, shi ne haƙƙin Baba da aka taɓa. Amma masu cewa ya ci miliyan uku ba su taɓa biyan mai fenti ba.

Injiniya_KofarRuwa:
In ma ya yi aikin ringin. Cikin kwana goma da fenti da komai? Ina zargin mai kauri kawai ya zuba hayaƙin ya lafa. Wanda zai saya shi ma Allah ya kiyaye shi.

Auta_Zee:
Salam. Ni ce ƙanwar Abban Sadiq, Yaya ne ya ce in shigo in faɗi abin da na ji, don ina gidan ranar. Na kai musu ruwa zaure, na tsaya daga bayan labule. Baba ne ya aika aka kira bakaniken. Ya ce masa, kai ka san motar nan fiye da ni, tsakaninka da Allah nawa za ta yi a kasuwa? Shi kuma ya ce, Baba injin ya gama, sai an sauke an sa wani, in an kai kasuwa ba za ta wuce biyu da rabi ba, amma ni saboda mutunci zan ɗauka a haka. Baba ya ce ya cika uku, suka tsaya a biyu da takwas. Sai dai don Allah a yi masa adalci, mutumin nan ya yi wa Baba hidima. Daren da jinin Baba ya hau shi ya kai shi asibiti a motarsa, kuma sau da yawa yakan yi gyara ya ƙi karɓar kuɗin hannu. Baba yana ce masa ɗana.

Almajirin_Zaure:
To Malama, wannan ya sauya mas'alar. Lafazin da Baba ya yi shi ne ainihin miƙa wuyan da na ambata: ya bayyana bai san kasuwa ba, ya ɗora amanar kuɗin a kan mai saye. In har ya san ta fi haka ya ce ba za ta wuce biyu da rabi ba, Baba yana da zaɓin mayar da ciniki ko a kan mashahurin zance. Hidimar da ya yi a baya ladanta yana wajen Allah, ba a cire ta daga kuɗin mota sai da sanin mai mota. Amma tun da an riga an sauya motar da fenti da gyara, abin da ya fi sauƙi shi ne sulhu, a ƙiyasta kuɗinta na ranar ciniki ya cika abin da ya rage.

Lauya_Bk:
Shaidar 'yar mai kaya daga bayan labule, a kan magana ta baka. Za a saurara, amma kada a ɗauka an riga an ci. Shi zai ce ra'ayinsa ya faɗa, kuma injin da gaske yana hayaƙi. Sulhun da Malam ya ce ya fi.

Gwaggon_Yara:
Kun ji dai, yana ce masa ɗana. Wa ya sani ko Baban ya san ta fi haka ya kau da kai? Mu tsofaffi mukan yi haka, mu saka wa mutum alheri ta hanyar da ba zai ji an ba shi sadaka ba.

Maman_Husna:
Gwaggo wanda zai yi kyauta ba ya cewa tsakaninka da Allah nawa za ta yi. Kuma mai neman kuɗin kwano da aikin ido ba shi da miliyan ɗin kyauta.

Abban_Sadiq:
Na zauna da Baba bayan sallar isha'i. Ban ce an cuce shi ba, na bi shawarar Gwaggo, na fara da maganar takardu, sannan na nuna masa hoton motar da kuɗin da aka sa mata. Ya kawo wayar kusa da idonsa ya daɗe yana kallo. Ya ce fentin ya yi kyau. Can ya ce shi ya riga ya sallama a gaban liman, ya ce Allah ya sa albarka, ba zai koma ya zama ƙaramin mutum ba, kuma kada in kuskura in kai yaron nan ko'ina. Amma bai hana Kawu, ƙaninsa, ya yi masa magana ba. Kawu ya samu bakaniken da safe. Bakaniken ya rantse ya kashe dubu ɗari tara da hamsin, ya ce bai zaci za ta yi wannan kuɗin ba sai da masu filin suka sa mata. Ya yarda zai yi canjin suna cikin makon nan, kuma ya ce in an sayar zai kawo wa Baba dubu ɗari uku.

Abu_Hanan:
Wanda bai ci haƙƙi ba ba ya tayin mayarwa. Ya amsa laifinsa ke nan.

Ummu_Aiman:
Ko kuma kunyar Kawu ya ji. Ba duk mai ba da haƙuri ne mai laifi ba.

Tsohon_Direba:
Ku karɓa ku yi wa dattijo aikin idonsa. Rufin kuma ku 'ya'ya ku haɗa ku yi, bai kamata a ce sai da mota ta tafi ba.

Dan_Kurna88:
Ɗari uku ta yi kaɗan. Alhaji da kansa ya ce abin da ya haura ɗari biyar haƙƙin Baba ne. Kawu ya koma ya nemi ɗari bakwai, kuma a rubuta, kada a tsaya a kan in an sayar.

Auta_Zee:
Baba ya ce ko ɗari ukun ma shi bai aiki kowa ya roƙa ba. In an kawo a ajiye wajen Kawu tukuna.

Dillalin_Hotoro:
Dan Kurna, ɗari bakwai ba zai bayar yanzu ba ko yana so, kuɗinsa na cikin motar. Ɗazu na sa yaro ya leƙa filin, tana nan ba a ɗauka ba, an ma sauko da ita biyar da ɗari uku. Abban Sadiq, ka sa abokin naka ya ci gaba da bibiya, don ranar da ta tafi ku san a nawa ta tafi, ba a nawa za a ce muku ba.